Auta Ta Miƙa Hannu

Shekararsa hamsin da takwas, 'ya'yansa huɗu duk sun yi aure sun bar gida, kuma shi ne mafi daɗewa cikin masu kula da dabbobi a cibiyar binciken cututtuka da ke bayan babban asibiti. A takardar aiki ƙaramin mataimaki ne. A bakin mutane kuwa, daga mai gadi har shugaban sashe, Baban Birai ne. Sunan ya bi shi har unguwa. In baƙo ya tambayi gidansa da sunansa na yanka sai a yi ta kallon juna, amma yana cewa Baban Birai za a nuna masa ƙofar mai shuɗin fenti.

Da shara ya fara, yana saurayi. Wata rana biri ya ciji ɗaya daga cikin masu kula da keji, mutumin ya ajiye aiki bai ko waiwayo ba, aka ce wa mai sharar ya riƙe wurin kafin a sami wani. Har yau ba a sami wanin ba.

Ginin da yake aiki ba shi da taga. Kafin ya shiga sai ya tuɓe kayan gida, ya sa na cibiya, ya ɗora takalmin roba, takunkumin fuska, tabarau, da safar hannu ninki biyu. In zai fita sai ya yi wanka. Duk da haka matarsa ta ce tun daga bakin layi take sanin ya taso.

Dalilin ajiye biran ba ɓoyayye ba ne. Birai suna da tasu ƙwayar cutar, 'yar uwar wadda ke jawo ƙanjamau a jikin mutum, kuma irin biran da cibiyar ke kiwo in ta kama su takan karya musu garkuwar jiki kamar yadda ake gani a mutane. Saboda haka duk allurar rigakafin da ake fatan wata rana a yi wa ɗan adam, a jikinsu ake fara gwada ta.

Yana nan lokacin da aka yi zaton an gano bakin zaren. Masu binciken sun ɗauki ƙwayar cutar da ranta, sun rage mata ƙarfi, suka yi wa manyan birai allura da ita. Da aka sa musu cutar ta gaske daga baya, ba ta kama su ba. Ya tuna an yi ta tafi a ɗakin taro, har shi da ke tsaye bakin ƙofa aka miƙa wa lemo. Sai aka gwada a jariran birai. A jikinsu ƙwayar da aka raunana ta farfaɗo, rigakafin ya zama ciwon. Shi ya yi jinyarsu: gudawa ba tsayawa, baki ya yi fari fat, gashi yana zuba, ƙafa kamar tsinke.

A wannan shekarar ce ƙanwarsa ta kwanta a ɗakin baya na gidansa da ciwon da ba wanda ke son ambatar sunansa. Magani bai wadata ba a lokacin.

"Da safe in wanke na cibiya, da yamma in zo in zauna wurin ta gida," in ji shi. "Ramar iri ɗaya ce. Ban faɗa wa kowa a wurin aiki ba. Me zan ce?"

Ta rasu ta bar 'ya mace tana rarrafe, ita ma da ƙwayar a jininta. Shi da matarsa suka riƙe ta. Allah ya sa magani ya iso kafin yarinyar ta bi uwarta. Yanzu tela ce, kekenta na ɗakin gaba, kowace safiya tana haɗiyar ƙwayarta ta ci gaba da harkokinta. Tana ce masa Kawu, shi kuma Uwata yake ce mata, don sunan mahaifiyarsa aka sa mata.

Tun daga mutuwar jariran nan aikin sashen ya koma kan abu guda: a sami rigakafin da zai kare, wanda shi kansa ba zai taɓa juyewa ya zama ciwo ba. Aiki ne na jira, kuma na ɗibar jini, yau da gobe. Yadda ake ɗibar jinin a da shi ne abin da Baban Birai bai taɓa sabawa da shi ba. Kowane keji yana da bangon baya mai motsi. Ana jan ƙarfe biyu, bangon ya taho ya matse birin da sandunan gaba, a soka masa allurar barci a cinya. Kafin barcin ya ɗauke shi zai yi ihu, ya yi kashi a tsaye, sauran na ɗakin su ɗauki ihun gaba ɗaya. Wani in ya farka sai ya yini bai taɓa abinci ba.

Likitar dabbobin sashen ce ta dawo daga wani kwas da wata dabara. A jikin keji ake ɗaura ɗan bututu mai ƙarfe a ƙarshensa, a koya wa biri ya zura hannu ya kama ƙarfen da kansa, ya tsaya har a gama. Ta nuna wa ma'aikata duka. Yawancinsu sun gwada mako ɗaya suka ce wannan sai wanda ba shi da aikin yi. Baban Birai ya ci gaba. Yakan jawo kujera gaban keji, aljihu cike da yankakkiyar ayaba. Biri ya taɓa bututu, ya ƙyasta harshe ya ba shi yanka ɗaya. Ya zura hannu, wani yankan. Daga nan a taɓa hannun da yatsa, sai auduga mai sanyi, sai sirinji marar allura, sai can bayan watanni allurar kanta. Doka ɗaya likitar ta kafa masa, shi ma ita yake kafa wa duk wanda ya zo koyo: kada ka taɓa kiran hannu ba ka biya ba. In ka ci amanar biri sau ɗaya, aikin wata uku ya tafi.

A tsakiyar wannan ne aka haifi Auta. Uwarta haihuwar fari ce, ta dube ta ta ture ta gefe. Ita ce ta ƙarshe da aka haifa a wannan kakar, ba ta fi tafin hannu ba. Aka kai ta ɗakin reno, ya zama shi ke ba ta madara a bulumboti, tana riƙe da babban yatsansa ta cikin safar hannu. A cibiyar kowace dabba lamba gare ta a ƙirji, kuma tsofaffin ma'aikata sukan gargaɗi sababbi kada su raɗa wa kowacce suna. Shi kansa ya sha yin wannan gargaɗin. Bai san ranar da ya fara ce mata Auta ba, sai dai ya ji Dogo, abokin aikinsa na ɗaki ɗaya, yana cewa, "Baba, autarka tana nemanka."

A gida maganar ta zama abin tsokana.

"Kawu, ni fa ban yarda ba," in ji telar. "A gidan nan ni ce auta. Yaushe aka yi mini ƙanwa ba a faɗa mini ba?"

"Ita tana jin magana."

"To ka kawo ta ta riƙa yi maka ƙarin maɓalli."

Gaskiya ne tana jin magana. Abin da wasu ke koya a rabin shekara ta koye shi cikin 'yan makonni. Har ta kai in ta ji ƙarar takalminsa a baranda sai ta zura hannu a bututu tun kafin ya buɗe ƙofa. Duk baƙin da suka zo daga wasu cibiyoyi, gaban kejinta ake tsayar da su. Bai ɓoye cewa yana jin daɗin hakan ba.

Da aka shirya babban gwaji na sabon rigakafin, wanda aka yi da ɓangarorin ƙwayar da ba za su iya hayayyafa ba, masu binciken suna buƙatar biran da za a riƙa ɗibar jininsu akai-akai shekara da shekaru. Yawan allurar barci da firgita suna jirkita abin da ake aunawa a jini. Don haka aka zaɓi waɗanda suka iya miƙa hannu. Masu cizo da waɗanda suka ƙi koyo aka mayar da su filin kiwo na baya, inda akwai rana da itacen hawa, inda biri ke haihuwa ya tsufa ya mutu don kansa. A cikin waɗanda aka zaɓa don gwajin, Auta ce aka fara ambata.

"Ka ga abin da ladabi ya jawo mata," in ji Dogo suna tura kejinta zuwa ɗakin gwaji. "Da ta gartsa maka cizo sau ɗaya, da yanzu tana can waje tana shan hantsi."

A ranar dariya suka yi.

Aka yi wa rabinsu rigakafin, rabi ruwan gishiri, ba tare da ma'aikatan ɗakin sun san wa aka yi wa me ba, don kada hannu ya fi karkata ga wani. Aka jira. Ba wanda rigakafin ya kwantar, abin da aka fi tsoro ke nan. Sannan aka sa musu cutar ta gaske, dukkansu. Cikin shekarar da ta biyo baya wasu suka fara rama. Baban Birai ya san alamun tun kafin sikeli ya faɗa. Kowace safiya kejin Auta yake fara dubawa, ya leƙa kwanon abincinta, ya dubi kashinta. Ita kuwa sai ƙiba take yi, gashinta na sheƙi, tana satar hular Dogo in ya sunkuya kusa. Da aka bayyana wa aka yi wa me, tana cikin masu rigakafin, kuma duk awon da aka yi ba a ga ƙwayar a jininta ba.

Ya san yadda gwaji ke ƙarewa. Ya raka birai da yawa zuwa ɗakin ƙarshen baranda, ba wanda ya dawo. Amma waɗancan marasa lafiya ne, yakan ce wa kansa an hutar da su. Wannan lafiyarta ƙalau. Sai ya bar wa zuciyarsa 'yar ƙofa, bai tambayi kowa ba, don kada a rufe ta.

Likitar ce ta kira shi ofishinta a farkon watan jiya. Ta ba shi kujera, abin da ya sa ya gane.

"Baba, an sa ranar rufe gwaji."

"Har da masu lafiyar?"

"Musamman su."

"Ranki ya daɗe, ke da bakinki kika ce jininta fes yake."

"Jinin fes yake. Amma ƙwayar nan ɓuya take yi, a hanji, a saifa, a kaluluwa, wani lokaci har ƙwaƙwalwa. In ba mu duba waɗannan ba, ba za mu iya cewa rigakafin ya kare ta ba, sai dai mu ce ba mu gani a jini ba. Ka tuna jariran nan. Kowa ya rantse wancan ma lafiya yake."

"Ba a yankar kaɗan a duba, a bar mata sauran?"

"An yanka kaɗan, sau biyu, kai ka yi jinyar ɗinkin. Kaɗan ba ya isa a yi wa mutane alkawari da shi."

"To a duba na sauran. Ita ɗaya ce, a mayar da ita filin baya. Ni zan riƙa kula da ita ko bayan na yi ritaya."

Likitar ta cire tabarau ta ajiye. Ta ce ta riga ta kai wannan roƙon gaban kwamitin da ke sa ido kan haƙƙin dabbobi tun kafin ya yi shi, don ta san zai yi. Amsar ita ce dabbar da aka taɓa sa wa cutar ba ta komawa cikin masu kiwo har abada, kuma masu rigakafin ba su da yawan da za a cire ɗaya lissafin bai raunana ba. In ya raunana, sai a sake gwajin da wasu biran.

"Ba sai kana nan ba, Baba. Ka ɗauki hutu, ni zan sa hannu."

"In ba na nan wa za ta miƙa wa hannu?"

Likitar ta ɗauki tabarau ta mayar. Su biyun sun san Auta ba ta miƙa wa kowa sai shi. Dogo ya sha gwadawa, takan juya masa baya.

"Sai a ja bango," in ji ta.

Tunda aka haife ta ba a taɓa jan bangon nan a kanta ba.

Ya koma gida bai ci abinci ba. Matarsa ta kwashe kwanon ta dawo da shi, ta sake kwashewa. Da ta matsa, ya faɗa musu, ita da telar da ke zaune kan keke da rigar wani a cinya.

"Malam, kada ka je," in ji matar. "An ba ka hutu, ka karɓa. Ka kira ta da bakinka, ta ba ka hannu don ta yarda da kai, a kashe ta kana riƙe da ita? Wannan abin ba zai bar ka ka yi barci ba, ni zan sha wahalarka."

Telar ta tsayar da keken. "Kawu, in don ni kake ta wannan aikin, ka huta. Ni tawa ta riga ta shiga, rigakafi ba abin da zai yi mini."

"Ba don ke ba ne."

"To don wa?"

"Don wannan yaron da kullum yake dawo da riga ɗaya wai wuyan bai zauna ba. In ya aure ki, shi rigakafin zai kare."

"Kai Kawu!" Ta rufe fuska da rigar. Matar ma sai da ta murmusa. Sannan yarinyar ta sauke rigar daga fuskarta.

"Ranar da mamata za ta rasu, wa ke wurin?"

"Ni ne."

"Ta san kai ne?"

"Ta sani. Tana riƙe da hannuna."

"Ke, rufe mana baki," in ji matar. "Uwar taki za ki haɗa da biri?"

"Ni ban haɗa ba, Inna. Tambaya na yi."

Bai karɓi hutun ba, bai kuma ce zai zo ba. Kwanakin da suka rage ya yi aikinsa yadda ya saba, sai dai Dogo ya lura ya daina zama gaban kejin Auta bayan an gama rabon abinci. Dogo bai sake tsokanarsa da maganar cizo ba. Sau ɗaya ya fara, "Baba, abin da na faɗa ranar nan..." Baban Birai ya ce, "Ai gaskiya ka faɗa, miƙo mini tsintsiya."

Ranar ta faɗo a makon jiya. Ya riga kowa zuwa. A ɗakin canja kaya ya ciro ayaba daga jakarsa zai yanka, sai ya tuna. Dabbar da za a duba hanjinta ba a ba ta komai tun daren da ya gabata, ko yanka ɗaya. Ya tambayi likitar duk da ya san amsar. Ta girgiza kai, ba ta dube shi ba. Ya mayar da ayabar jaka.

Auta ta ji takalminsa. Kafin ya ƙarasa hannunta na cikin bututu, tana ɗan gurnanin da take yi in tana jin yunwa. Ya jawo kujera ya zauna kamar kullum. Ya shafa hannun da yatsa, ya goga auduga. Likitar ta durƙusa gefensa da sirinjin maganin barci, ta sami jijiya ba wahala. Ya ƙyasta harshe.

Jin haka Auta ta zuro ɗaya hannun ta tsakanin sanduna, tafin a buɗe, tana kallon aljihunsa. Ya sa hannu a aljihun don kada ta janye, ya bar shi a ciki. Ta jira. Ta dubi fuskarsa, ta sake duban aljihun. Sannan kanta ya fara rinjaya, ta jingina da sanduna, hannun da ta miƙo ya sauka a hankali kan gwiwarsa. Ba ta yi ihu ba. Ba wanda ya farga a sauran kejin.

Shi ya ɗauko ta, ya naɗe ta a tawul, ya kai ta ɗakin ƙarshen baranda ya shimfiɗa ta kan tebur. Ya tsaya har aka yi allura ta biyu, mai tsayar da zuciya, likitar ta sa abin sauraron zuciya ta ɗago kai. Daga nan aikin na masu fiɗa ne, ya fito. Akwai sauran birai a jerin ranar, waɗanda shi ya koya wa, ya koma ya kira su ɗaya bayan ɗaya.

Sakamakon zai ɗauki watanni. Likitar ta ce abin da aka gani da ido ya yi kyau, amma ba ta yarda ta ƙara ko kalma a kan haka ba. Ko ya yi kyau har ƙarshe, tsakanin wannan ɗakin da hannun mutum akwai sauran gwaje-gwaje da shekaru, kuma Baban Birai saura kaɗan ya yi ritaya. An haifi sababbin jarirai a filin baya. Shugaban sashe ya aiko a tambaye shi yaushe zai fara koya musu. Ya ce a ba shi lokaci. Dogo ya tambaye shi ko yana nufin ya daina ke nan.

"In na koya musu, a zaɓe su. In ban koya musu ba, a matse su. Kai wanne za ka zaɓa?"

Dogo ya ce shi dai tura keji aka ɗauke shi yi.

Ƙa'ida ita ce kejin da ya zama fanko a fitar da shi ran nan a kai ɗakin wanki. An fitar da sauran duka. Na Auta ya kwana huɗu ko biyar a wurinsa, masu wankin suna zuwa su duba su wuce, ba wanda ya ce musu su bari. Jiya da safe Baban Birai ya kwance bututun da kansa, ya tura kejin zuwa ɗakin wanki, ya ce wa masu aikin wurin su je su sha shayi. Ya kankare shi da buroshi ciki da waje, ya watsa masa ruwan zafi, ya jera shi cikin sauran. Sannan ya wanke hannu ya tafi haɗa abincin rana.